Rajistar Aiki: Lissafin Abin da Ke Riƙe Magani a Wurin Tutiya Cikin Kabonik Anhaidires

13 ga Janairu, 2025

Wannan rajista za ta riƙa bin diddigin aikin lissafi da muka fara a kan wurin da tutiya, wato Zn, take zaune a cikin enzayim ɗin da ake kira kabonik anhaidires. Meldrum da Roughton ne suka ware shi daga jajayen ƙwayoyin jini a 1933, sannan a 1940 Keilin da Mann suka tabbatar da cewa akwai tutiya a jikinsa, ya zama enzayim na farko da aka san yana aiki da wannan ƙarfe. Aikinsa shi ne haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa domin a sami baikabonet da furoton, kuma nau'i na biyu da ke jikin ɗan Adam yana iya maimaita wannan aiki kusan sau miliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Ayon ɗin tutiyar yana can ƙasan wani rami mai siffar mazurari, zurfinsa kimanin angstirom 15 (ma'aunin tazarar da ke tsakanin zarra), amino asid uku da ake kira histidin suna riƙe da shi, wato His94 da His96 da His119, gurbi na huɗu kuwa na ruwa ne ko na haidiroksaid.

Magungunan dangin sulfonamaid, irin su asetazolamaid da aka daɗe ana ba masu cutar gilokoma, suna toshe enzayim ɗin ne ta hanyar ture ruwan daga gurbi na huɗu, su kama tutiya da zarrarsu ta naitirojin bayan ta saki furoton ɗaya. A nan gizo ke saƙa. Ɗan Adam yana da nau'o'i 15 na wannan furotin, 12 daga cikinsu suna aiki, kuma dukkan masu aikin suna ɗauke da tutiya da histidin uku a tsari iri ɗaya. Saboda haka ɗaurin da ke tsakanin tutiya da naitirojin, duk da shi ne mafi ƙarfi a wurin, ba shi ne zai bambanta nau'i na biyu, wanda yake a kusan ko'ina cikin jiki, da nau'i na tara, wanda yake yawaita a wasu cututtukan daji, ba. Bambancin yana wajen bakin rami, inda wutsiyar magani take gogayya da amino asid ta raunanan hulɗoɗi waɗanda babu tarayyar ilektiron a cikinsu. Tambayarmu ke nan: idan magani ɗaya ya fi wani kamawa, nawa ne rabon ɗaurin ƙarfe, nawa ne kuma rabon raunanan hulɗoɗin?

Ya kamata a rubuta ma'aunin wahalar tun daga farko. A zafin ɗaki, bambancin kilokalori 1.36 a kowane mol yana ninka ƙarfin kamun magani sau goma, alhali jimillar makamashin zarrar tutiya ita kaɗai ta kusa hatiri 1,779, kowane hatiri kuma daidai yake da kilokalori 627.5 a kowane mol. Mun zama kamar mai neman nauyin allura wanda dole sai ya auna akwati da ita a ciki, ya sake auna shi babu ita, ya debe. Duk makamashin da za a ambata nan gaba a ma'aunin kilokalori a kowane mol yake. Kayan aikinmu manhajojin kwamfuta ne: ORCA domin lissafin DFT, wato hanyar lissafa makamashi daga yawan ilektiron a kowane wuri, da na DLPNO-CCSD(T), Psi4 domin SAPT (za a bayyana waɗannan biyun a gaba), da xtb domin binciken siffofi cikin hanzari.

27 ga Janairu, 2025

Ba mu taɓa tutiya ba tukuna, kuma da gangan ne. Kafin a amince da wani salon DFT a kan zarra ɗari biyu, wajibi ne a ga halinsa a kan ƙananan tagwayen molakul da an riga an san amsarsu. Mun ɗauki tarin S22, wanda ƙungiyar Pavel Hobza ta Furag ta fitar a 2006, da kuma S66 na 2011 da ya faɗaɗa shi. Alƙaluman da ke cikinsu sun fito ne daga CCSD(T), hanyar da ake ɗauka a matsayin ma'auni ga irin waɗannan molakul, sai dai tsadarta tana hawa da girman molakul a ƙarfi na bakwai, ma'ana idan aka ninka girman sau biyu, aikin zai ninku sau 128. Tagwayen ruwa suna riƙe juna da kimanin 5.0, tagwayen fomik asid masu ɗaurin haidurojin biyu da kimanin 18.6, tagwayen metan da rabin kilokalori kacal, tagwayen benzin kuwa da kusan 2.7, ko sun kwanta ɗaya bisa ɗaya a karkace ko ɗaya ya tsaya a kan ɗayan.

Abin da muka gani ya yi daidai da abin da aka sani. Salon DFT da ake kira B3LYP, shi zalla ba tare da wani gyara ba, ya yi ƙoƙari a kan ruwa da fomik asid, domin jan da ke tsakanin caji da caji ne ya fi yawa a can, amma da aka zo kan benzin da ya kwanta bisa benzin sai ya ce babu wani kamu ko kaɗan, zoben biyu ture juna suke yi. Dalilin shi ne ƙarfin jan da Fritz London ya bayyana a 1930. Ilektiron ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma a kowane lokaci rarrabuwarsu a molakul ɗaya tana karkatar da rarrabuwarsu a na kusa da shi, har a sami ja tsakanin abubuwa biyu da babu mai caji a cikinsu. Wannan ja yana raguwa da nisa a ƙarfi na shida, kuma salon DFT da aka saba da su suna duban yawan ilektiron ne a wuri guda da ɗan abin da ke kewaye da shi, don haka ba su da hanyar ganin abin da ke faruwa tsakanin wurare biyu masu tazara. MP2 kuma, wani salon lissafi da ba na DFT ba, ya wuce gona da iri ta ɗaya gefen, domin ya ba tagwayen benzin na kwance kusan ninki biyu na ƙarfin da ya dace.

Da aka ƙara gyaran D3 na Stefan Grimme, mai ƙara wa DFT jan London, wanda ya fito a 2010, tare da tsarin rage ƙarfinsa a kusa na Becke da Johnson da aka haɗa masa a 2011, sai tagwayen benzin suka dawo kusa da ma'auni. Amma gwajin da ya fi yi mana amfani shi ne S66x8, inda aka lissafa kowane tagwaye a tazara takwas, daga kashi 0.9 na tazarar daidaito har zuwa ninki biyunta. A cikin furotin da wuya a sami amino asid da ya zauna daidai inda ya fi so, galibi yana ɗan nesa ko ɗan kusa saboda ƙashin bayan furotin ne yake riƙe da shi. Salon M06-2X, wanda Zhao da Truhlar suka fitar a 2008, ya yi kyau a tazarar daidaito amma janshi ya ƙare da wuri yayin da aka raba molakul ɗin. A ganinmu wannan ya isa dalilin ajiye shi a wannan aiki, duk da farin jininsa. Mun tsayar da PBE0 mai gyaran London domin daidaita siffa, da ωB97M-V na 2016 domin lissafin makamashi na ƙarshe.

10 ga Fabrairu, 2025

An kammala duba kuskuren da ƙarancin ginshiƙin lissafi yake haifarwa, wato tarin obital (wuraren zaman ilektiron) da ake bayyana molakul da su. Idan ginshiƙin ƙarami ne, kowane molakul yakan ari obital ɗin maƙwabcinsa domin ya kyautata bayanin nasa ilektiron, sai kamun ya bayyana da ƙarfin da ba shi da shi. Gyaran Boys da Bernardi na 1970 yana magance wannan ta hanyar lissafa kowane ɓangare tare da obital ɗin ɗayan amma babu zarrarsa. Da def2-SVP kuskuren ya kai girman abin da muke son aunawa, da def2-TZVP kuma ya ragu ƙwarai. Wannan ne ma ya sa B3LYP da ƙaramin ginshiƙi 6-31G* ya yi shekaru yana ba da amsoshi masu kama da gaskiya: ƙarin ƙarya na aron obital yana cike giɓin jan London da ya rasa, kamar yadda Kruse da Goerigk da Grimme suka nuna a 2012. Ga sulfonamaid mai cajin ragi mun ƙara obital masu bazuwa, domin ilektiron ɗin da ya ƙaru yana yin nesa da tsakiyar zarra.

3 ga Maris, 2025

Yanzu mun shiga ƙarafa. Gwajin da muka zaɓa shi ne jerin Irving da Williams, wanda suka fara bayyanawa a 1948 suka kuma faɗaɗa a 1953: ga ayon masu caji biyu na layin farko na ƙarafan tsakiyar jadawalin sinadarai, ƙarfin kama ligan, wato molakul ɗin da ke manne wa ƙarfe, yana hawa daga manganis zuwa baƙin ƙarfe, kobalt, nikel, ya kai ƙololuwa a jan ƙarfe, sannan ya sauko a tutiya. Abin sha'awa game da jerin shi ne kusan bai damu da irin ligan ɗin ba, don haka duk salon lissafin da ya kasa fitar da shi bai cancanci a kai shi cikin enzayim ba. Mun fara da kowane ayon kewaye da ruwa shida, sannan muka maye gurbin biyu daga cikinsu da etilindayamin ɗaya, ligan mai kama ƙarfe ta naitirojin biyu.

Kowane ƙarfe ya zo da nasa hali. A cikin ruwa shida manganis yana da ilektiron biyar marasa abokin zama, baƙin ƙarfe huɗu, kobalt uku, nikel biyu, jan ƙarfe ɗaya, tutiya kuwa babu ko ɗaya, domin obital ɗinta na d duka biyar a cike suke da ilektiron goma. Ga baƙin ƙarfe, tazarar da ke tsakanin yanayin sifin babba da ƙarami, wato mai yawan ilektiron marasa abokin zama da mai ƙarancinsu, tana motsawa sosai gwargwadon kason musayar Hartree da Fock da ke cikin salon, wanda yake kashi 20 cikin ɗari a B3LYP, kashi 25 a PBE0. Ƙarin kason yana fifita babban sifin, rage shi yana fifita ƙarami, kuma saboda haka ne Reiher da abokan aikinsa suka ba da shawarar kashi 15 a 2001. Da ligan masu rauni irin ruwa babban sifin ne ya yi nasara a duk salon da muka gwada, kamar yadda gwajin ɗakin bincike yake nunawa.

Jan ƙarfe ya fi kowa ɗaukar lokaci. Ilektiron tara a obital d suna nufin siffa mai fuska takwas ba za ta tsaya daidai ba, bisa ƙa'idar da Jahn da Teller suka kafa a 1937. Idan aka fara lissafin daga siffar da dukkan ruwa shida suke tazara ɗaya, kwamfuta tana iya tsayawa a nan ta ce ta gama, kuma sai lissafin girgiza ne zai fallasa cewa wurin ba kwari ba ne, sirdi ne tsakanin tuddai. Da aka fara daga siffa mai ɗan karkata, ruwa huɗu suka matso zuwa kusan angstirom 2.0, biyun da ke sama da ƙasa suka ja baya zuwa wajen 2.3. Waɗannan biyun suna da rauni har ta kai Pasquarello da abokan aikinsa suka kawo hujja a 2001 cewa ruwa biyar ne suke kewaye da ayon ɗin a cikin ruwa, ba shida ba, batun da aka daɗe ana muhawara a kansa. Jerin ya fito mana yadda ya kamata, jan ƙarfe a sama, tutiya a ƙasa da shi.

Akwai wani abu da ya shafi gyaran London kai tsaye. A D3 ƙarfin jan da ake ba zarra ya dogara ne da yawan maƙwabtanta, bai kula da cajinta ba, alhali ayon ɗin tutiya da ya rasa ilektiron biyu ya ƙanƙance, ilektiron ɗinsa ba sa karkata cikin sauƙi kamar na zarrar da ba ta da caji. D4, wanda cikakken bayaninsa ya fito a 2019, yana rage ƙarfin gwargwadon cajin kowace zarra. Da shi za mu ci gaba. Wannan jeri kuma yana tuna mana cewa ƙarfin kamu ba shi ne amfani ba: idan aka sa kobalt a gurbin tutiya enzayim ɗin yana ci gaba da aiki, idan aka sa jan ƙarfe kuwa aikin ya tsaya.

24 ga Maris, 2025

Samfurin farko na wurin aikin ƙarami ne: tutiya, zoben imidazol uku a madadin histidin, da ruwa ɗaya. Siffar ta fito mai fuska huɗu, tazarar tutiya da naitirojin kusan angstirom 2.0, daidai da abin da ake gani a siffofin kiristal da ke rumbun siffofin furotin na PDB. Wannan nasara ba ta da nauyi sosai, domin kusan kowane salo yana fitar da tsawon ɗauri mai ƙarfi daidai. Gwajin gaske shi ne sauƙin da ruwan yake sakin furoton, wanda ake aunawa da pKa, lambar da take raguwa idan sakin ya ƙara sauƙi. Ruwa zalla yana da pKa 15.7 idan aka lissafa da yawansa na mol 55.5 a lita, ruwan da ke jikin tutiya mai ruwa shida yana da kusan 9, na cikin enzayim kuwa kusan 7, kuma wannan saukowa ce take samar da haidiroksaid a yanayin jiki domin ya far wa kabon dayoksaid.

Ba mu nemi lissafa pKa kai tsaye ba. Makamashin narkewar furoton a ruwa ya kai kusan 266, na ayon ɗin tutiya ya haura 450, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a ɗayansu ya isa ya gusar da amsa da lamba biyu ko uku. Abin da muka yi shi ne kwatanta samfurin da tutiya mai ruwa shida, wadda an san amsarta, domin kurakuran biyu su cinye juna. Ta wannan hanya raguwar ligan daga shida zuwa huɗu ta bayyana a matsayin babban dalilin saukowar, domin ƙarancin masu ba tutiya ilektiron yana barin ta da ƙarin ƙarfin jan na ruwan.

Daga nan muka ƙara zagaye na biyu, wato amino asid da ba sa taɓa ƙarfen amma suna riƙe da masu taɓa shi ta ɗaurin haidurojin: Gln92 a bayan His94, oksijin na ƙashin bayan Asn244 a bayan His96, Glu117 a bayan His119, sai Thr199 da yake karɓar haidurojin daga haidiroksaid, shi kuma Glu106 yana riƙe da shi. Glu117 mai cajin ragi ya sa His119 ya ƙara tura ilektiron ga tutiya, ruwan ya rage saurin sakin furoton, Thr199 kuma ya ja ta ɗaya gefen ta hanyar daidaita haidiroksaid ɗin da kuma fuskantar da shi. Wannan ya dace da gwaje-gwajen da ƙungiyoyin Carol Fierke da David Christianson suka yi a shekarun 1990, inda maye gurbin Thr199 da alanin ya ɗaga pKa ya kuma rage aikin enzayim sosai. Ɗaurin haidurojin da bai wuce 'yan kilokalori ba yana saita halin ƙarfen da yake nesa da shi da zarra da dama, kuma wannan ya nuna cewa raba ɗaurin ƙarfe da raunanan hulɗoɗi gida biyu ba zai zama mai tsafta ba kamar yadda tambayarmu ta farko ta ɗauka.

14 ga Afrilu, 2025

An shigar da magani na farko, benzinsulfonamaid, cikin samfuri mai girma wanda aka gina bisa tsarin da Per Siegbahn da Fahmi Himo suka yaɗa: a yanko wurin aikin daga siffar kiristal, a toshe wuraren yankan da haidurojin, a kafe waɗannan zarra kada su motsa, sannan a wakilci sauran furotin da wani muhalli mai lambar dayilektirik 4. Ban da zagaye na farko da na biyu mun haɗa da Val121, Phe131, Val143, Leu198, Thr200 da Trp209, waɗanda mafi yawansu suke gefen ramin da ba ya son ruwa. Kan maganin ya zauna yadda ake tsammani. Naitirojin ya kama tutiya, haidurojin ɗinsa ya nufi oksijin na Thr199, ɗaya daga cikin oksijin biyu na sulfonil kuma ya karɓi haidurojin daga ƙashin bayan Thr199 ɗin.

Domin mu ga rabon jan London a fili, mun daidaita siffar sau biyu, da D4 da kuma babu shi. Tazarar tutiya da naitirojin kusan ba ta motsa ba. Zoben benzin ɗin maganin kuwa, da aka cire gyaran, ya janye daga Leu198 da Val121 ya karkata zuwa tsakiyar rami, sassan amino asid da ba a kafe ba su ma suka buɗe, siffar ta yi nesa da ta kiristal. Wanda ya duba tsawon ɗaurin ƙarfe kaɗai zai ce lissafin biyu ɗaya ne, alhali ɓangaren da ke bambanta magani da magani ya lalace gaba ɗaya a ɗayansu. Muna ganin wannan shi ne sakamako mafi muhimmanci da aikin ya samar zuwa yanzu, ko da yake ba sabon abu ba ne ga masu wannan fanni.

Kafe zarra yana da nasa farashi. Yana barin wasu girgiza na bogi a lissafin, kuma idan aka kafe kusa da maganin da yawa ramin yakan yi tauri fiye da yadda furotin yake. Mun mayar da wuraren kafewa zuwa kabon na ƙashin baya a duk inda girman samfurin ya ba da dama. Wutsiyar magani mai tsawo tana da siffofi masu yawa, don haka muna fara tace su da GFN2-xTB, hanyar lissafi mai sauri, kafin a miƙa kaɗan mafi ƙarancin makamashi ga DFT.

5 ga Mayu, 2025

Rarraba makamashin zuwa sassa ya buƙaci hanyoyi biyu. Ga hulɗar zoben magani da kowane amino asid na bangon rami mun yi amfani da SAPT, wadda take raba kamu zuwa jan caji, turin ilektiron da ke cike, karkatarwa, da jan London. A wajen Leu198 da Val121 da Phe131 jan London ne ya mamaye ɓangaren ja, a wajen Thr199 kuwa jan caji ne a gaba. Ga ɗaurin tutiya da naitirojin SAPT ba ta dace ba, domin an gina ta ne bisa zaton cewa molakul biyun ba sa sauya juna sosai, kuma ayon mai caji biyu da ke angstirom 2 daga ligan mai cajin ragi ya karya wannan zato. A can mun koma ga rarrabawar da ta samo asali daga aikin Morokuma na 1971 da na Ziegler da Rauk na 1977. Ya kamata a riƙa tunawa cewa sassan da waɗannan hanyoyi biyu suke fitarwa ba abu ɗaya ba ne ko da sunayensu sun yi kama, kuma babu ɗayansu da ake iya aunawa a ɗakin gwaji. Jimillar kaɗai ce ke da ma'ana ta zahiri, don haka ba za mu haɗa sassan hanya ɗaya da na ɗayar a jadawali guda ba.

Mun kuma zana taswirar NCI, wadda Erin Johnson da abokan aikinta suka gabatar a 2010. Tana nuna wuraren da yawan ilektiron yake ƙarami kuma ba ya sauyawa da sauri, shuɗi ga ja mai ƙarfi, kore ga mai rauni, ja ga turi. Faffaɗan koren fili ya bayyana tsakanin zoben da Leu198, ƙananan shuɗɗan ɗigo kuma a ɗaurin haidurojin na Thr199. Hoton yana taimakawa wajen sanin inda za a duba, amma faɗin kore ba adadin makamashi ba ne. Haka nan ga nazarin Richard Bader na zarra a cikin molakul: samun layin da ya haɗa zarra biyu a taswirar yawan ilektiron ba hujja ba ce cewa suna jan juna, kamar yadda doguwar jayayyar da aka yi kan haidurojin biyu masu fuskantar juna a fenantirin da baifenil ta nuna. Za mu sa hotunan a rahoto domin bayani, ba za mu kafa hukunci a kansu ba.

26 ga Mayu, 2025

Makamashin kamu a cikin rami ba shi ne abin da masu gwaji suke aunawa ba. Kafin magani ya zauna dole ya rabu da ruwan da ke kewaye da shi, ya saki furoton, ya kori haidiroksaid ko ruwan da ke kan tutiya, ya kuma rasa 'yancin yawo da juyawa. Kowane ɗayan waɗannan yana da girma, kuma alamominsu sun saɓa. Muna lissafa narkewa da SMD na 2009, tsarin da ke wakiltar ruwa a matsayin muhalli, muna ƙara 1.89 ga kowane molakul domin sauya ma'auni daga iska mai matsin atmosfiya ɗaya zuwa mol ɗaya a lita, da ƙarin 2.38 ga ruwan da aka kora saboda shi ne muhallin kansa. Ga entirofi, girgiza masu sanyi da ke ƙasa da 100 a ma'aunin juyin santimita suna kumbura amsa idan aka bi ƙa'idar da aka saba, don haka muna amfani da gyaran Grimme na 2012 wanda yake ɗaukar su a matsayin juyawa.

Jerin da muke kai yanzu shi ne benzinsulfonamaid da 'yan uwansa masu fulorin a zobe, tsarin da ƙungiyar George Whitesides ta Harvard ta yi nazari a kansa da gwajin zafi. Jerin yana da daɗin aiki domin fulorin yana taɓa ɓangarorin tambayarmu biyu lokaci guda. Yana jan ilektiron daga naitirojin, pKa ya sauko daga kusan 10 na asalin molakul, don haka a pH 7 kason maganin da ke shirye ya kama tutiya yana ƙaruwa. Amma naitirojin da aka janye wa ilektiron ba ya ba tutiya da yawa, ɗaurin kansa ya yi rauni. Lissafinmu ya nuna waɗannan biyun suna cinye juna zuwa wani mataki, abin da ya rage kuma girmansa ya yi kusa da na sauyin da fulorin ya kawo a hulɗar zoben da bangon rami. Saboda haka muna ba da rahoton bambanci tsakanin 'yan jerin ne kawai, kowane ɗaya a kan asalin molakul, ba cikakken makamashin kamu ba.

16 ga Yuni, 2025

An duba ƙaramin samfurin, mai tutiya da imidazol uku da kan sulfonamaid, da DLPNO-CCSD(T), hanyar da Riplinger da Neese suka gabatar a 2013 wadda take rage tsadar CCSD(T) ta hanyar taƙaita lissafi ga ilektiron da ke kusa da juna. Mun sa ta a matakinta mafi tsauri, domin matakin da aka saba yana zubar da ƙananan gudummawa masu nisa, kuma jan London tarin irin waɗannan ne. Tsarin 'yan jerin fulorin da ta fitar ya yi daidai da na ωB97M-V, don haka za mu ci gaba da ωB97M-V a manyan samfura.

An fara gina samfurin nau'i na tara. Zagaye na farko bai sauya ba, amma a gurbin Phe131 akwai amino asid balin, wanda ya fi ƙanƙanta ya kuma buɗe gefen bakin rami. Benzinsulfonamaid gajere ne, da ƙyar yake kaiwa wannan wuri, don haka za a ƙara magunguna masu doguwar wutsiya a jerin. Samfurin yankakke ba zai ɗauki bakin ramin da ruwan da ke cikinsa ba sai ya yi girman da ya fi ƙarfin DFT, saboda haka mataki na gaba shi ne tsarin QM/MM, wanda ya samo asali daga aikin Warshel da Levitt na 1976 a kan laisozayim: tutiya da zagayenta biyu da maganin duka a ɓangaren kwantom, sauran furotin da ruwa a ɓangaren lissafi mai sauƙi. Ana tantance inda furoton zai zauna a jikin histidin da ke wajen wurin aikin, musamman His64 mai jigilar furoton, wanda ake gani a fuskoki biyu a siffofin kiristal, kuma za a gudanar da lissafin da kowace fuska daban kafin a kwatanta nau'o'in biyu.